RA'AYINMU: Idan Annoba Ta Sake Zuwa, Wace Ƙofa Za A Fara Rufewa?

Jama'a, a ranar 19 ga watan Maris na shekarar 2020 ne Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ba da umarnin a rufe makarantun ƙasar nan baki ɗaya, makonni uku kacal bayan an sami mutum na farko da ke ɗauke da cutar Korona a Legas. Umarnin bai fi takarda guda ba, kuma cikin 'yan kwanaki aka aiwatar da shi daga firamare har jami'a. Buɗe makarantun kuwa sai da ya ci watanni ana ja-in-ja. Ɗaliban ajin ƙarshe suka koma ranar 4 ga Agusta domin su zauna jarrabawar WAEC da aka fara ranar 17 ga watan, makarantun sakandare na Gwamnatin Tarayya kuma sai 12 ga Oktoba, jihohi kuwa suka riƙa buɗe nasu ɗaya bayan ɗaya. Wato mafi yawan yaranmu sun yi sama da rabin shekara ba su ga allon aji ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci a kan cutar tun 5 ga Mayun 2023, mutane da yawa ma sun mance. Mu kam muna ganin lokacin da hankali ya kwanta shi ne lokacin yin lissafi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Ba mu zargin mahukunta a kan rufewar farko. A watan Maris na waccan shekara ba a gama fahimtar cutar ba, ƙasashe da yawa sun rufe makarantunsu, kuma wanda ya ga irin gawarwakin da aka riƙa kaiwa maƙabartun Kano a watan Afrilu ba zai ce tsoron na banza ba ne. Killace jama'a lokacin annoba ma ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi: sananne ne cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annobar da ta ɓarke a can, bayan ya yi shawara da sahabbai. Abin da muke tuhuma shi ne tsawon rufewar, da kuma yadda aka bar makaranta ta zama ta ƙarshe a layi. Kasuwanni sun ci, tashoshin mota sun cika, jiragen sama na cikin gida sun koma tashi a watan Yuli, a watan Satumba har zaɓen gwamna aka yi a Jihar Edo da taron yaƙin neman zaɓe da komai, alhali kuwa yaron aji uku na firamare yana gida ana ce masa don lafiyarsa ne. Jamhuriyar Nijar da ke maƙwabtaka da mu ta mayar da ɗalibanta aji tun farkon watan Yuni. Denmak ta mayar da ƙananan yara tun tsakiyar Afrilu, ta rarraba su ƙungiya-ƙungiya, ana yin darussa da yawa a fili. A ɗaya gefen kuma ga Yuganda, wadda ta kulle makarantu kusan shekara biyu, sai a Janairun 2022 ta buɗe, ta tarar da yara da yawa sun kama sana'a ko sun yi aure, wasu malaman ma sun canja aiki.

An ce za a yi karatu ta rediyo da talabijin da intanet. To, madalla ga ɗan mai hali a birni. Amma yarinyar da ke ƙauye, wadda rediyon gidansu na mahaifinta ne kuma yana tafiya da shi gona, wane darasi ta ji? Tun kafin annobar Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya yana ƙiyasta cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, mafi yawansu a Arewa. Wanda da ma da kyar aka shawo kan iyayensa suka sa shi, idan ya yi wata shida yana talla ko kiwo ko ga-ruwa yana kawo 'yan kuɗi gida, mayar da shi aji sabon yaƙi ne. Saliyo ta riga ta nuna wa duniya wannan a lokacin cutar Ebola, inda makarantu suka zauna a rufe har zuwa Afrilun 2015, 'yan mata masu yawa suka sami juna biyu ba su koma ba. Almajiran tsangaya kuwa nasu ya fi muni, domin gwamnonin Arewa sun riƙa loda su a manyan motoci ana mayar da su jihohinsu na asali, cunkushe da juna, har aka riƙa samun masu cutar a cikinsu bayan sun sauka. An yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Sai kuma maganar yadda aka buɗe. Abin da aka fi gani a ƙofar makarantu shi ne bokiti mai famfo da na'urar auna zafin jiki, wasu wuraren kuma aka yi feshin magani a bango ana ɗaukar hoto. Wanke hannu abu ne mai kyau, kuma makarantar da ba ta da ruwa da ban-ɗaki abin kunya ce ko da annoba ko babu. Sai dai bincike ya tabbatar daga baya cewa wannan cuta ta numfashi ce: tana tashi a cikin iskar da mai ita ya fitar, ta taru a ɗakin da ba ya shan iska, wanda ya daɗe a ciki ya shaƙa. Na'urar auna zafi ba ta kama yaron da ke ɗauke da ita ba tare da zazzaɓi ba, kuma yara da yawa haka suke. A wata makarantar sakandare a birnin Ƙudus, a watan Mayun 2020, kwanaki kaɗan bayan buɗewa aka yi tsananin zafi, aka yafe wa ɗalibai sa takunkumi, aka kunna na'urar sanyaya ɗaki a azuzuwa masu ɗalibai sama da talatin da biyar. Ɗalibai 153 da ma'aikata 25 suka kamu. Idan aji mai wannan adadi ya zama haka, ina ga namu da ake cusa yara ɗari a ɗaki guda, taga biyu, ɗaya an toshe ta da kwano? Ga shi kuwa Allah ya hore mana abin da Turawa ke nema da kuɗi: inuwar darbejiya, da baranda, da rani mai tsawo. Raba aji biyu, na safe da na yamma, da fitar da darasi waje, ba sa buƙatar kwangila. Wataƙila shi ya sa ba su sami masu tallata su ba.

Wasannin motsa jiki su ne suka fi shan kashi, kuma ba mu ji wanda ya tsaya musu ba, saboda da yawa daga cikinmu, har da wasu malamai, suna ɗaukar wasa a matsayin shiririta. Wannan kuskure ne. Matashi ɗan shekara goma sha biyar yana da ƙarfin da dole ya fita ta wata hanya, idan ba a filin ƙwallo ko tseren gudu ko langa ba, to a majalisar bakin titi inda mai sayar da ƙwaya ke jira. Gasar wasanni ta ƙasa da aka shirya yi a Binin a watan Maris na 2020 sai a Afrilun 2021 aka yi ta, makarantu da yawa kuma da suka buɗe sun soke gasar gidaje ta shekara, suka hana yara fita fili, suka tsare su a aji. Abin mamaki, an hana su wurin da ya fi aminci an kulle su a wurin da ya fi haɗari.

Ba muna cewa kowane wasa lafiya lau yake ba. A jihar Fulorida ta Amurka, a watan Disamban 2020, an yi gasar kokawa ta 'yan sakandare a cikin rufaffen zaure, mutum 130 suka halarta daga makarantu daban-daban. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta tabbatar da cewa 38 daga cikinsu sun kamu, suka kai cutar gidajensu da makarantunsu, har wani babba ya rasu a sanadin haka. Kokawa ƙirji da ƙirji ce, numfashi cikin numfashi, ga rufin ɗaki a sama, ga baƙi daga garuruwa. Wannan daban yake da yaran makaranta guda suna buga ƙwallo a fili da la'asar. Mai hankali yana rarrabewa: a bar gudu da tsalle da ƙwallon fili su ci gaba, a jinkirta kokawa da dambe da wasannin zaure, a dakatar da tafiye-tafiyen gasa tsakanin garuruwa har cutar ta lafa. Haɗarin da ke tattare da ƙwallo ma galibi yana cikin motar da aka cusa 'yan wasa, da ɗakin canja kaya, da gorar ruwa guda da ake zagayawa da ita baki-baki, da cincirindon 'yan kallo. Duk waɗannan shugaban makaranta mai lura zai iya gyara su ba tare da ya kashe wasan ba.

Kada wani ya ce ai maganar ta wuce. Mu a nan annoba ba baƙuwa ba ce. Sanƙarau na shekarar 1996 ya kashe sama da mutum 11,000 a ƙasar nan, kuma yana son daidai irin ɗakunan kwanan makarantunmu a lokacin zafi, inda gado ke manne da gado. Mashaƙo ya ɓarke a 2023, Kano ce cibiyarsa, yawancin yaran da ya kama ba su da cikakkiyar allurar rigakafi, wadda kyauta ake yin ta. Kwalara kuwa tana bin ruwan sha mara tsafta. Kowace cuta da hanyarta, saboda haka kowace da nata matakin: wata allura take so, wata iska, wata ruwa mai tsafta. Rufe makarantun jiha baki ɗaya shi ne maganin da ya fi kowanne sauƙin rubutawa, kuma tunda an ɗanɗana shi a 2020 hannu ya saba. Bayan sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara a Disamban 2020, da 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, abin da aka fara yi shi ne kulle makarantun kwana, yaran da suka dawo daga hutun Korona suka sake komawa gida.

Don haka muna kira ga kwamishinonin ilimi da na lafiya na jihohinmu da su zauna yanzu, tare da shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malaman Islamiyya da alarammomin tsangaya, waɗanda a wancan karon ba a nemi shawararsu ba sai dai suka ji umarni a rediyo, su rubuta ƙa'ida a fili. Ta fayyace adadin masu cuta da zai sa a sallami aji guda, da wanda zai sa a rufe makaranta guda, da wanda zai kai ga rufe ta ƙaramar hukuma. Duk takardar da ta rufe makaranta ta zo da ranar da za a sake duba lamarin, kada ta wuce mako biyu. Malamai tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini, waɗanda su ne Korona ta fi yi wa illa, a sa su a sahun gaba wajen kariya da rigakafi. Kuɗin da za a kashe wajen feshin bango a fasa tagogi da shi, a haƙa rijiya, a rage cunkoson ɗakin kwana. Iyaye kuma, a taronku na wannan zango, ku nemi a zagaya da ku ɗakin da 'ya'yanku ke kwana, ku ƙirga gadajen da ke ciki da tagogin da ke buɗuwa.