An Rufe Gidan Mari, Ina Za a Kai Yaron?



A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna, suka fito da mutum kusan 300, wasu da mari a ƙafa, cikinsu har da ƙananan yara. A watan Oktoba aka fasa irinsa a Daura, sannan a cikin birninmu na Zariya aka kuɓutar da mutum 11. Duk mun yi Allah wadai, kuma daidai ne. Sai dai abin da ya kai iyaye ƙofar waɗannan gidaje bai gushe ba. Uwar da ɗanta ya faɗa shaye-shaye ko sara-suka a Kwarbai ko Anguwar Juma, yau ƙofar wa za ta ƙwanƙwasa?

Mu a ganinmu, amsar farko a wuyan ƙaramar hukuma take. Gidan gyaran hali na Bostal da ke Kaduna na gwamnatin tarayya ne, yara daga jihohi da dama ake kaiwa can, kuma sai ta hanyar kotu. Kafin magana ta kai nan, yaron ya gama lalacewa a gaban idon unguwa. Mai unguwa ya san shi, limami ya san shi, kansila ya san gidansu. Abin da babu shi ne tsarin da zai haɗa waɗannan mutane wuri ɗaya.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ta tanadi kwamitin aiwatarwa har a matakin ƙaramar hukuma, Jihar Kaduna kuma ta yi tata dokar a 2018. Ga hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 da ya ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To, mazaɓu 13 ne a ƙaramar hukumar Zariya. Muna neman abu uku: rajistar duk gidan da ke tsare yara da sunan gyara, ziyarar ba-zata daga jami'an walwala tare da wakilin masarautar Zazzau, da layi bayyananne a kasafin kuɗi domin koya wa yaron da aka sako sana'a. Wani zai ce wannan aikin jiha ne. Gaskiya ne jiha ke da kotu da ma'aikata, amma mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Mu ma marubuta da aiki a gabanmu. A yawancin labaranmu kangararren yaro ko dai ya mutu ko ya tuba a shafin ƙarshe. Ba ma bin sa ofishin 'yan sanda mu ga da wa aka haɗa shi a ɗaki, ba ma tambayar wa ya kamata ya leƙa bai leƙa ba. Wanda zai yi rubutu a kan wannan, ya je sakatariya ya tambaya ko kwamitin nan yana zama, da ranar da ya yi zamansa na ƙarshe. Abin da aka gaya masa, ko aka ƙi gaya masa, ya kawo mana nan mu karanta.

Allah ya shirya mana zuri'a.