Ƙaddara Ba Ta Kafa Zana

Na yi imani da ƙaddara kamar kowane Musulmi, amma na gaji da jin sunanta a bakin waɗanda aka ba amanar ƴaƴanmu. Ran nan a shirin da nake buɗe wa masu saurare layi, na tayar da zancen azuzuwan zana. Wani dattijo ya bugo ya ce, "Ɗana, bar tone-tone. Abin da Allah ya rubuta ba mai kankare shi." Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na yi masa godiya, domin ba a musu da dattijo duniya tana ji. Amsar da na haɗiye ran nan ce zan faɗa yau.

Ranar 13 ga Afrilu 2021 wuta ta tashi a wata lakwal ta unguwar Pays-Bas a Yamai. Yara aƙalla 20 suka rasu, galibinsu ƴan ajin share fage. Manyan ɗalibai sun haura katanga sun tsira, ƙananan ba su san ta inda za su bi ba. Aka yi ta'aziyya, aka yi alƙawura. Wata bakwai bai cika ba, ranar 8 ga Nuwamba, sai ga ta a Maraɗi: azuzuwan zana uku, yara aƙalla 25, ƴan shekara biyar da shida. Aka yi makokin kwana uku. Nan take majalisar ministoci ta hana sanya ƴan share fage a ajin zana a duk faɗin Nijar.

To Baba, dokar da aka iya yankewa nan take a Nuwamba, me ya hana a yanke ta a Afrilu? Gemun Yamai ya kama wuta kowa yana gani, Maraɗi ba a shafa wa nata ruwa ba. Wannan sunansa sakaci, kuma sakaci yana da masu shi.

Malamanmu suna ba mu labarin Sayyadina Umar, lokacin da ya nufi Sham aka sanar da shi annoba ta ɓarke can. Ya juya da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, ya nuna cewa juyawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Imaninmu bai kai nasa ba, bai kuwa jefa mutanensa cikin halaka don a ce ya yi tawakkali ba. Ajali na Allah ne. Amma zana hannun mutum ne ya kafa ta, shi ya jera rumfuna manne da juna, shi ya bar musu ƙofa ɗaya.

Na san abin da za a ce mini. Yara sun yi yawa, azuzuwan siminti ba su isa ba, in aka rushe na zana dubban yara za su koma gida. Haka ne, kuma ban ce a rushe su gobe ba. Gina azuzuwa aikin gwamnati ne, za mu ci gaba da bin ta wannan bashi. Sai dai akwai abin da ba ya jiran kasafin kuɗi. Nawa ake kashewa wajen buɗe ƙofa ta biyu a jikin zana? Nawa ake biya a bar tazara tsakanin rumfa da rumfa, a ajiye randar ruwa da bokitin yashi, a matsar da mai tuya nesa da aji? A ba ƙanana ajin siminti, manya masu ƙafar gudu su zauna na zana. A koya wa yara sau ɗaya a wata yadda za su fita a jere in an buga ƙararrawa.

Na shiga wata lakwal ɗaukar rahoto, ba zan kama sunanta ba. Na tarar da murhun ƙosai taku kaɗan daga zana, aji cike da yara, mushe ya fita. Na tambayi darakta wa ke da alhakin lafiyar yaran nan in wani abu ya faru. Ya ce, "Mu duka." Jikina ya yi sanyi. Abin da aka ce na kowa ne, ranar da ya lalace ba a samun mai shi. Haka ake amsawa kan bulalar da ta fasa idon yaro, da malamin da ke kiran ɗaliba ɗakinsa bayan an tashi. Kowa ya sani, ba wanda aka ɗora wa.

Abin da nake nema ke nan: kowace lakwal ta fitar da mutum ɗaya, a rubuta sunansa a bakin ƙofa, yara su san shi, iyaye su san shi. Shi zai zagaya da safe ya duba ƙofofi da wuta, shi yaro zai kai wa kuka ba tare da tsoro ba, shi za a fara tambaya. Kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye su daina haɗuwa don tara kuɗin zana kawai, su riƙa tambayar yadda aka kafa ta.

Mu ƴan rediyo ma muna da namu kason laifin. Mun iya karanta sunayen mamata da murya mai sanyi, mako na zagayowa mu koma gaishe-gaishe.

Baba, in kana da jika a lakwal, gobe ka raka shi har cikin aji. Ka ƙirga ƙofofi. Ka tambayi sunan mai alhakinsa. In ka samu ƙofa biyu da suna ɗaya, koma gida ka bar wa Allah sauran, ni ma zan taya ka cewa amin.