Camfin ƙulle kafa da hannu, da kuɗin da yake cinye mana

A duk ofis, makaranta ko asibitin da ke biyan kuɗin layin intanet na musamman, akwai wata mahaɗa da ba kasafai ake waiwayarta ba: inda wayar kamfanin sadarwa ta ƙare, ta mai gida ta fara. Saƙo kan taso ta fayiba ko ta rediyon da ke maƙale a ƙarfen sabis, ya sauka a wata 'yar na'ura, daga nan kebul guda ya kai shi rawuta ko suwic na cikin gida. Ramin da ake soka wannan kebul shi ake kira kafa, ƙa'idar da kafofin biyu ke zantawa da ita kuma sunanta Etanet, wadda ta bambanta da intanet duk da kamannin suna. Ƙorafina yana kan wata ɗabi'a da masu haɗa layi da yawa suka gada ba tare da tambaya ba: da zarar sun buɗe saitin kafa, sai su kashe tsarin sasantawa, wanda suke kira oto, su ƙulle gudu da salon magana da hannunsu. Suna yin haka da sunan ƙwarewa. Ni kuwa ina ganin camfi ne da lokacinsa ya wuce, kuma mai biyan kuɗin layi ne ke ɗaukar asararsa.

Mu fara da abin da ake kashewa. Idan aka haɗa kafofi biyu da kebul, kafin wani saƙo ya wuce sai sun yi ciniki. Kowace ta aika wa 'yar'uwarta ɗan gajeren bayani mai bit 16, tana faɗin abin da za ta iya: megabit 10 ne a daƙiƙa ko 100, sannan za ta iya aikawa da karɓa a lokaci guda, ko kuwa sai bi-da-bi, ɗaya ta yi shiru ɗaya ta yi magana. Idan akwai gigabit a cikin lissafin, su ƙara wasu bayanan. Daga nan su zaɓi mafi girman abin da suka yi tarayya a kai. Hukumar IEEE ta shigar da wannan tsari cikin ƙa'idar Etanet a 1995, tare da gudun megabit 100.

Camfin yana da asali, domin ruwa ba ya tsami banza. Rubutun farko na ƙa'idar ya bar wuraren da kowane kamfani ya fassara yadda ya ga dama, saboda haka a ƙarshen shekarun 1990 ana samun na'urorin da ke kasa daidaitawa da juna. Injiniyoyin wancan zamani suka koyi cewa ƙulle kafofin biyu da hannu ya fi kwanciyar hankali, kuma a ranar suna da gaskiya. Sai dai an toshe waɗancan ɓarakoki a bugun ƙa'idar na 1998. A 1999 gigabit a kan wayar tagulla ya zo, shi kuwa ba ya aiki sai da ciniki, domin ta nan ne kafofin ke yanke wadda agogonta zai ja ragama. Cutar ta warke fiye da shekara 25 da suka wuce, amma ana ci gaba da miƙa maganinta daga maigida zuwa yaron shago.

Da a ce ɗabi'ar ba ta da illa, da sai a ƙyale ta. Ga illar. A ɗauka ma'aikacin kamfani ya ƙulle kafarsa a megabit 100, aikawa da karɓa a lokaci guda, ya kama gabansa. Kafar mai gida tana nan a kan oto kamar yadda ta fito daga kwali. Ta yi tayin ciniki, ba wanda ya amsa. Tana iya gane gudun daga yanayin siginar da ke shigowa, don haka ta sauka a 100. Salon maganar kuwa ba ta da hanyar gane shi, kuma ƙa'ida ta umarce ta da ta ɗauki bi-da-bi. Fitila ta kama, kore shar a ɓangarorin biyu, kowa ya sa hannu a takarda.

Abin da ke faruwa bayan haka ya yi kama da hirar mutum biyu da ɗaya ya ɗauka waya ce, ɗaya ya ɗauka oba-oba ce. Mai bi-da-bi na cikin aikawa sai ta ji saƙo na shigowa. A wurinta wannan karo ne, sai ta katse abin da take aikawa, ta ja da baya. A ƙa'ida ya kamata a gano karo a cikin bayit 64 na farko na ƙunshi; wanda ya zo bayan nan ana lissafa shi a matsayin karon da ya makara, kuma na'urori da yawa ba sa sake aika irin wannan ƙunshi. Ɗaya kafar, da ba ta san wani abu wai shi karo ba, guntayen ƙunshi kawai take gani suna isowa, tana zubar da su a matsayin lalatattu.

Muguntar wannan matsala ita ce iya ɓuya. Gwajin ping yana wucewa lafiya, saboda ƙaramin ƙunshi ɗaya ne ke tafiya ya dawo, ba ya cin karo da komai. Shafi mara nauyi ma yana buɗewa. Amma da an fara sauke babban fayil sai layin ya durƙushe, domin TCP, ƙa'idar da ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirgarmu, tana aika kaya ta nan tana karɓar shaidar isowa ta can a lokaci guda, kuma duk sanda ta ga ɓacewar ƙunshi sai ta rage gudu, a zatonta hanya ce ta cushe. Layin ya fi lalacewa a daidai lokacin da aka fi bukatarsa: ranar jarrabawa a cibiyar kwamfuta, ƙarshen wata a sashen albashi.

Daga nan sai a bar jaki a koma dukan taiki. A zargi hadari, a zargi ma'aikata da kallon bidiyo, a zargi tsohuwar rawuta a sayo sabuwa. Ƙarshenta a ce layin ya yi kaɗan, a ƙara kuɗin wata. Ƙarin ba zai canza komai ba, tunda maƙogwaron da ya shaƙe yana nan a mita biyun ƙarshe, kuma gyaransa layi ɗaya ne na saiti.

Akwai wani amfani da ake yi da ƙullewa wanda ya fi wannan muni, wato rufe asirin mummunan kebul. Megabit 100 yana amfani da tagwayen waya biyu daga cikin huɗun da ke cikin kebul, gigabit kuwa sai da duka huɗun. Idan kafofin gigabit biyu suka sauka a 100, ko suna kamawa suna saki, sau da yawa suna ba da labari ne: an matse kan kebul ba daidai ba, ko silin waya ya tsinke, ko tsawon ya wuce mita 100 da ƙa'ida ta yarda, ko kuma alminiyon ne aka shafa wa tagulla. Wanda ya ƙulle kafar a 100 don fitila ta daina ƙyaftawa ya rufe bakin mai ba da labari ne kawai. Tare da haka ya yi asarar wasu abubuwan da ke tafiya da ciniki, kamar yarjejeniyar dakatar da aike idan ma'ajiya ta cika, da kuma, a na'urori da dama, gane kebul ɗin da aka juya wayoyinsa.

Masu kare ɗabi'ar suna da hujjoji biyu da suka cancanci amsa. Ta farko, har yanzu akwai tsofaffin na'urorin isar da saƙo da wasu masu juya fayiba zuwa tagulla da ba su iya ciniki ba. Haka ne, kuma a nan ƙullewa wajibi ce, amma da sharaɗin a ƙulle ɓangarorin biyu iri ɗaya, a rubuta, a manna a jikin na'urar. Ta biyu, wani lokaci ana so kafa ta tsaya a wani gudu saboda yarjejeniyar ciniki ko tsarin aiki. Wannan ma yana da hanyarsa: na'urori da yawa suna ba da damar a bar oto a kunne, a taƙaita abin da kafar ke tallatawa zuwa gudun da ake so. Ɗaya ɓangaren zai ji tayin, ya amince, ba wanda ya faɗa bi-da-bi cikin rashin sani. Babu ɗaya daga cikin hujjojin nan da ta halatta ƙulle ɓangare guda a tafi.

Tushen matsalar shi ne mahaɗar tana da masu ita biyu, kowa na kallon fitilarsa. Irin wannan sakaci ne ke haifar da rigimar girman ƙunshi: Etanet na ɗaukar kayan bayit 1500, alamar VLAN na ƙara bayit 4, idan wata kafa a tsakiyar hanya ba a buɗa mata ba sai ƙananan saƙonni su wuce, manya su ɓace. Duk saitin kafa alkawari ne tsakanin gefe biyu, kuma alkawarin da mutum ɗaya ya sani bai ƙullu ba.

Saboda haka, mai karatu, idan kai ne ke sa hannu a takardar karɓar layi, kada koriyar fitila ta ishe ka. Nemi a rubuta maka gudu, salon magana da girman ƙunshi na kowane gefe, ka ga sun zo ɗaya. Nemi a ɗora wa layin nauyi ta ɓangarorin biyu a lokaci guda; akwai hanyoyin gwaji sanannu, RFC 2544 tun 1999 da Y.1564 na ITU tun 2011, ko aƙalla manhajar iperf da ake samu kyauta. Bayan gwajin a buɗe maka ƙididdigar kafar. A layin da ke aikawa da karɓa a lokaci guda, adadin karo sifili ne. Idan ka ga wani adadi daban, kada ka sa hannu. Idan kuma ma'aikacin ya ce ya kashe oto, tambaye shi wace na'ura ce ta tilasta masa, kuma wa ya gaya wa a ɗaya gefen.