Mai Sayar da Kaya Ba Shi Zai Auna Ɗakin Ba

Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, makarantu da 'yan kasuwa suka shiga rige-rigen buɗe ɗakunan kwamfuta. Daga nan wata shawara ta kafu har ta zama kamar doka: a nemo kamfani guda a danƙa masa komai, shi zai zana, shi zai kawo kaya, shi zai haɗa, ya miƙo makulli. Wai an huta da ciwon kai. Ni ban yarda da wannan hutu ba, domin yawanci bazara ɗaya ke tona asirinsa.

Wanda ribarsa ke cikin kayan da zai sayar, idan shi aka bar wa faɗin abin da ɗaki ke bukata, abin da ke jibge a sitonsa zai rubuta. Ba sai ya zama macuci ba. An dai ba kura ajiyar nama ne.

A duba zafi kawai. Duk wutar da kwamfuta ta sha, zafi take komawa a cikin ɗakin. A ce kwamfuta 250, kowace tana shan wat 100, an tashi kilowat 25. Mutum a zaune ma yana fitar da kusan wat 100, to ɗalibai 250 sun ninka lissafin. Na'urar sanyaya ɗaki mai doki ɗaya da rabi kuwa kilowat uku da rabi take iya kwashewa. Ke nan ana bukatar irinta wajen 14, tun ba a sa ranar Afrilu da ke dukan kwanon rufi a Sakkwato ko Maiduguri ba, inda zafi ke haura digiri 40. Wa zai yi wannan lissafi tsakani da Allah, in rage na'ura huɗu ne zai sa farashinsa ya doke na abokin takara? Haka batiran inbata: a digiri 25 ake auna rayuwarsu, ƙarin digiri goma na iya raba ta biyu. Sai ka tarar an cusa su a lungun da iska ba ta ratsawa. Ga kebul ɗin alminiyam da aka shafa wa tagulla, wanda ido ba ya bambanta shi da na gaske sai an kankare.

Masu kare tsarin kamfani guda sukan ce ai in abu ya lalace an san wuyan da za a riƙe. Da wace takarda? Mai sayar da kayan ne ya rubuta ƙa'idar aikin, shi ya sa hannu cewa ta cika.

A ɗauki injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN, wanda ba ya sayar da ko soket, a biya shi kuɗin iliminsa. Ya auna ɗaki, ya fitar da zane da jerin kaya dalla-dalla, sannan 'yan kwangila su yi takara a kan takarda ɗaya. Ya tsaya a kan aikin, ya buɗe kwalaye, ya gwada wayar ƙasa da mita. Kuɗin ƙarshe kuma kada ya fita sai an kunna dukkan kwamfutocin lokaci guda da tsakar rana, an ɗauke wuta da gangan, an ga inbata da janareta sun karɓa ba tare da allo ko ɗaya ya mutu ba.