Filin Mata: Ƙwaya Da Ƙanjamau Ba Su Duba Shekaru

Wannan mako zancenmu mai nauyi ne, amma cutar da aka ɓoye ba ta samun magani.

A shekarar 2018 aka ƙidaya masu ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya, aka sami mutum miliyan 14 da 'yan kai. Cikin kowane huɗu, ɗaya mace ce. Wajen 80,000 allura suke yi wa kansu. Kada mu ce wannan sha'anin birni ne. Wadda ta san ramukan zinariya na ƙasar Anka da Bukkuyum ta san yadda samari ke haɗiyar tiramol don kada su ji gajiya. Gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai kodin a 2018, amma ɗabi'a ba ta fita da doka kaɗai.

To, ina haɗin ƙwaya da ƙanjamau? Hanya biyu ce. Ta fari allura: in mutum biyu suka yi amfani da guda, jinin wannan ya shiga jikin wancan. Ta biyu gushewar hankali: wanda ya yi maye ba ya tsare kansa.

Ga inda shekaru suke shigowa. Yaro ko yarinya sabon shiga ba su iya allura ba, sai wani ya yi musu da tasa. Yarinya ba ta da kuɗi, sai ta dogara ga mai saya mata, shi kuwa yakan girme ta nesa. Tsoron iyaye kuma ya hana ta zuwa gwaji. Ko an ba ta magani, takan bari don kada a gani a jakarta.

Babba kuwa, nasa hatsarin daban ne. Ya daɗe cikin abin, cutar tana iya zama a jikinsa shekara da shekaru ba alama. In ya fara ramewa sai a ce tsufa ne, ko sammu. Kafin a kai shi asibiti jiki ya yi nisa, wataƙila uwargida ma ta ɗauka ba ta sani ba.

Amma ga albishir. Tun 2006 gwamnati ke ba da maganin kyauta. Yawanci ƙwaya ɗaya ce kullum. Ba ta warkarwa, amma wanda ya riƙe ta ba fashi zai yi tsawon rai, in Allah ya so. Mai ciki kuma tana iya haihuwar jariri lafiyayye. Ba sai mutum ya daina shaye-shaye za a fara ba shi ba.

Saboda haka, uwa, in kin ga kwalabe ko sirinji a ɗakin ɗanki, kada ki fara da tsinuwa. Ki ja shi a jiki, ki raka shi babban asibitin Anka ko na Gummi a gwada shi. Uwargida, ki lallashi maigida ku tafi tare. Ku kuma 'yan makaranta, ƙawar da ta miƙo muku ƙwaya ba ƙawa ba ce.

Allah ya tsare mana zuri'a, amin. Sai mako mai zuwa.

Taku,
Malama