Gwanin Tamaula: Ya Sauka Tun da Sauran Ƙarfinsa, Ko Ya Dakata?

Ran Asabar 1 ga watan Yuni, 2024, a filin Wembley na birnin Landan, ana saura kamar minti biyar a tashi daga wasan ƙarshe na Kofin Zakarun Turai, sai aka kira Toni Kroos ya fito daga fili. Real Madrid ta riga ta jefa wa Borussia Dortmund ƙwallo 2, na farkon kuwa daga bugun kusurwar da shi Kroos ya yi ne Carvajal ya sa kai ya tura raga. Wanda ya karɓe shi a bakin layi shi ne Luka Modric. To, ga abin lura. Mai fita shekararsa 34, ya kuwa riga ya shaida wa duniya tun ran 21 ga Mayu cewa wannan ce shekararsa ta ƙarshe. Mai shiga shekararsa 38, bai ko ambaci sauka ba. Shekara goma mutanen nan biyu suna riƙe da tsakiyar fili tare, sau biyar suka ɗauki kofin nan tare, amma da aka zo batun tsufa kowa ya kama hanyarsa dabam.

Tun daga ranar masu sha'awar tamaula ba su bar gardama a kai ba. Waɗansu suna cewa Kroos ya yi abin da ya dace da mutum mai daraja, waɗansu kuwa suna cewa ya yi gaggawa, ya tashi daga tuwo tun miya ba ta ƙare ba.

Hujjar mutanen farko mai ƙarfi ce. Ɗan wasa ba shi da wata dukiya da ta fi sunansa, jama'a kuwa abin da suka gani daga baya shi su ke riƙewa. Kroos ya ci Kofin Duniya da Jamus a 2014, shi ne ma ya jefa ƙwallo biyu ran da aka ci Birazil 7 da 1 a ƙasarta. Kofin Zakarun Turai sau shida ya ɗauka, ɗaya da Bayern Munich, biyar da Madrid. Me ya rage masa ya nema? Ya daɗe yana faɗi a fili cewa nufinsa ya tafi tun yana kan ganiyarsa, kuma a Madrid zai ƙare, ba zai bi sahun masu tafiya Saudiyya ba. Ya faɗa, ya cika. Ko wasansa na ƙarshe da rigar Jamus, ran 5 ga Yuli, 2024, da Sifen ta fitar da su 2 da 1 a Stuttgart bayan ƙarin lokaci, ba wanda ya tashi yana cewa tsufan Kroos ne ya jawo. Kamar ɗan kokawa ne da ya kwance layunsa tun bayansa bai san ƙasa ba.

Amma fa lalle ne a faɗi gaskiya, ba shekaru ne suka kore shi ba. Tsufa ba ya cin 'yan wasa daidai wa daida. Abin da ya ke fara ɗaukewa shi ne sauri, da tsalle, da saurin warkewa bayan rauni. Wanda abincinsa ke ga gudu, ran da ƙafa ta yi nauyi shi ke nan an gama da shi. Kroos kuwa bai taɓa zama mai gudu ba, ko yana yaro. Sana'arsa ita ce ya karɓi ƙwallo daga 'yan baya, ya duba, ya san inda abokan gaba suka bar ƙofa, sa'an nan ya aika ta can, kusa ko nesa. Shi ke cewa a yi sauri, shi ke cewa a dakata. Wannan aikin ido ne da kai, shekaru kuwa ƙara musu kaifi su ke yi; Bahaushe ya ce tsohon doki mai sane. Duk wanda ya ga ƙwallon da ya zura wa Vinicius ta tsakanin 'yan bayan Bayern a ƙarshen watan Afrilu, 2024, wata ɗaya kafin ya sauka, ya san mutumin nan yana da sauran shekara biyu ko uku a ƙafarsa.

Ba kuwa sabon abu ba ne tsoho ya yi abin a zo a gani. Stanley Matthews na Ingila yana da shekara 41 aka ba shi lambar gwanin Turai ta farko a 1956, bai bar fili ba sai a Fabrairun 1965, kwana biyar bayan ya cika 50, daga baya ma ya riƙa cewa ya yi saurin sauka. Roger Milla na Kamaru yana da 38 ya ci ƙwallo huɗu a Kofin Duniya na 1990, yana da 42 ya sake ci wa ƙasarsa a kan Rasha.

Saukar Kroos kuma ba kyauta aka yi ta ba, akwai waɗanda suka biya. A shekarar da ta biyo baya Madrid ta ƙara Kylian Mbappe a gaba, har ana cewa wa zai iya tarar ta. Sai ga shi Barcelona ta ci ta sau huɗu: 4 da 0 a gidanta cikin Oktoba, 2024, sa'an nan 5 da 2, da 3 da 2, da 4 da 3. Arsenal kuma ta fitar da ita daga Kofin Zakarun Turai da jimlar 5 da 1. Ba za a ɗora duka a kan rashin mutum ɗaya ba, gama Carvajal da Militao sun yi mugun rauni a gwiwa, bayan ƙungiyar ya zama kango. Duk da haka mai ido ya ga abin da ya ɓata: mahaya a gaba birjik, babu mai riƙon linzami. Sai dai laifin wannan ba na Kroos ba ne. Alkawarinsa da kulob ya ƙare, bai gudu da haƙƙin kowa ba. Shugabannin da suka san suna da mutum biyu a tsakiya, ɗaya 34 ɗaya 38, suka je suka ɗauko mai cin ƙwallo maimakon mai rabawa, su ne ya kamata a tambaya.

To, in Kroos bai yi laifi ba, Modric ne ke nan ya yi kuskure da ya tsaya? Nan ne gardamar ta kan ɓace wa mutane hanya, don suna auna ƙafa, alhali kuwa zuciya ya kamata a auna. Gwani da ya tsufa ba a cika korarsa da rana tsaka ba. Abin da a ke yi, a rage masa kujera. Yau a fitar da shi bayan awa guda, gobe a ce ya huta, jibi ya ga yaron da ya girma yana kallonsa an sa shi a gurbinsa. Wanda ya san ba zai iya haɗiye wannan ba, gara ya tafi tun ana roƙonsa ya zauna. Wanda zai iya, babu dalilin da zai sa ya bar sana'arsa don kawai 'yan kallo suna son labari mai daɗin ƙarshe.

Modric ya haɗiye. Mutumin da aka ba lambar gwanin duniya a 2018, wanda ya kai ƙaramar ƙasa kamar Kuroshiya wasan ƙarshe na Kofin Duniya, ya zauna a benci wasanni da dama cikin shekaru biyu na ƙarshe a Madrid, a kira shi saura minti ashirin ya tashi ya shiga, ba hayaniya. Ladan haƙurin nan kuwa ba kaɗan ba ne: a Oktoban 2024 ya zama mafi tsufan wanda ya taɓa yi wa Madrid wasa, ya gaji Puskas, ya kuma bar kulob ɗin da kofi 28, ba wanda ya kai shi.

A gwada wannan da abin da ya sami Cristiano Ronaldo a Manchester United. Ba ƙwallo ya rasa ba, don a shekararsa ta farko bayan komawa ya ci 24, ya fi kowa a kulob. Da sabon mai koyarwa, Erik ten Hag, ya fara ajiye shi a benci, sai zuciya ta ƙi. Ran 19 ga Oktoba, 2022, ya ƙi shiga wasan Tottenham, ya bar fili tun ba a tashi ba. Cikin Nuwamba aka raba gari. Mako biyu bayan haka Fotugal ta ajiye shi a wasan Suwizalan, yaron da ya maye gurbinsa, Goncalo Ramos mai shekara 21, ya ci uku. Ronaldo ya koma Saudiyya inda ba mai rage masa kujera, ya ci gaba da cin ƙwallo, har ya ɗauki kofi da ƙasarsa a 2025 yana da shekara 40. Amma zamansa na ƙarshe a manyan kulob na Turai da faɗa ya ƙare, kuma ba gwanintarsa ce ta gaza ba.

Shi kuwa Modric, da Madrid ta sallame shi a 2025 cikin girmamawa, bai koma gida ba. Ya tafi AC Milan ta Italiya, kulob ɗin da ya ke ƙauna tun yana yaro, aka danƙa masa tsakiyar fili. Ran 14 ga Satumba, kwana biyar bayan ya cika shekara 40, Milan ta ci Bologna 1 da 0, shi ne kuwa ya jefa ƙwallon.