Rima: Sunan Namiji Ne Ko Na Mace?

Wata magana ta taso a ɗaya daga cikin ƙananan ikkilisiyoyinmu na gabashin Sakkwato, ta kai mako biyu ana jan ta, har aka ɗaga ranar miƙa jariri. Mun ga ya kamata mu faɗi ra'ayinmu a nan, domin irinta za ta sake tasowa a wani wuri.

Wani ɗan'uwa ɗan asalin Giyawa, manomin albasa, Allah ya ba shi ɗa namiji bayan shekaru na jira. Ya ce zai sa masa suna Rima, sunan gulbin da ke shayar da fadamar da ya gada. Zumuntar mata suka ce sunan mata ne, 'yan matan Larabawa ke amsa shi, kuma ai ya ƙare da "a". Wani dattijo ya ce shi ba ruwansa da namiji ko mace, sunan ruwa ne, yana jin warin tsafi a jikinsa. Wata tsohuwa kuwa ta tambaya, yaya za a ba yaro sunan gulbin da ya cinye gonakin mutane a ambaliyar 2010?

Mu fara da batun "a", domin shi ne mafi sauƙi. Gaskiya ne yawancin kalmomin Hausa masu ƙarewa da "a" na mata ne, kuma sunayen garuruwa da koguna a nahawunmu mata ne. Amma a kan bencin dattawa akwai Ishaya, da Irmiya, da Luka, da Bawa, da Bala. Maƙwabtanmu suna da Musa da Garba da Hamza. Nura ma, wanda a ƙasashen Larabawa mata ke amsawa, a ƙasar Hausa na maza ne. Ruwa da wata duk sun ƙare da "a", amma cewa muke wata ya tsaya, ruwa ya sauka, har Bahaushe ya aurar wa wata da Zara.

Kakanninmu sun daɗe suna ciro suna daga gona da sararin sama, ba su kuma keɓe wa maza wani sashe na halitta, mata wani ba. Sukan dubi lokacin da aka haifi yaro, su gyara bakin kalmar ta dace da shi. Wanda aka haifa ana tsakiyar ruwan Agusta, in mace ce Marka, in namiji ne Makau. Sarkin Zazzau na ƙarshe kafin jihadi Muhammadu Makau ne, kuma ƙaninsa Abu Ja ne ya kafa tsohuwar Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. Akwai Anaruwa, akwai Shibkau na lokacin shibka, Nomau na lokacin noma, Ciwake na lokacin roron wake, Ɗankaka na kaka. Ranau namiji ne, Tarana mace. Da yawa daga cikin masu karanta wannan takarda, in suka tuna, da irin waɗannan sunaye aka san iyayensu kafin baftisma.

Abin da ke ƙarƙashin gardamar, a ganinmu, wani tunani ne da ya shigo mana daga baya: wai abu mai ƙarfi, kamar dutse da zaki da tsawa, na maza ne, abu mai taushi, kamar fure da kurciya, na mata. Littafi Mai Tsarki bai bi wannan rabon ba. A cikin Littafin Mahukunta sura 4, Debora ma'anar sunanta ƙudan zuma, Barak kuwa walƙiya. To, Walƙiyar ce ta ƙi fita yaƙi sai Zuma ta raka ta. Annabi Yunana, wanda wata fassara ta kira Yunusa, sunansa kurciya ne da Ibrananci, ga shi namiji, mai taurin kai kuwa. Rahila tunkiya ce, Tamar itacen dabino, Ziffora matar Musa tsuntsuwa. Tabita ta Yafa, wadda Bitrus ya yi wa addu'a ta tashi a Ayyukan Manzanni sura 9, barewa ce, Dokas da Helenanci. Mata nawa ne a zumuntarmu ke amsa Dokas, ba su taɓa sanin cewa Barewa ake kiransu ba? Abin dariyar shi ne, da wani uba zai ce sunan 'yarsa Barewa, da an kai shi gaban dattawa.

Tsoron dattijon nan ba mu raina shi ba. Ya girma a gidan da ake yi wa Sarkin Rafi yanka, ya san abin da ya baro. Idan uba ya ce ya roƙi gulbi ne gulbi ya ba shi ɗa, to fasto ya ƙi sunan, mu ma za mu goyi bayansa. Amma wannan uban a gaban jama'a ya ce Allah ne ya ba shi ruwan, ya kuma ba shi yaron. Manzanni ma ba su canja wa Afollos da Fibi suna ba, ko da yake sunayen suna da alaƙa da allolin Helenawa. Kuma a Ingila da Amurka Kiristoci na sa wa maza da mata sunan kogin Urdun. Maganar ambaliya kuwa, gulbin da ya yi ɓarna a shekara guda shi ne ke ba da shinkafar Wurno da albasar Goronyo a sauran shekarun. A Rabah, nan kusa da mu, aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, kuma har yau da sunan itace ake masa kirari, Gamji.

Akwai wani dalilin da ya sa muke tare da uban. Mu Masihiyawa Hausawa sau da yawa akan tambaye mu daga ina muka zo, a garin da aka binne kakanninmu. Wani ɓangare na laifin namu ne. Mun cika gidajenmu da Precious da Favour da Marvellous, sunayen da kakar yaro ba ta iya furtawa, sai ta laƙaba masa nata. Ranar da yaron ya je neman takardar shaidar ƙaramar hukuma, sunan ne ke fara mayar da shi baƙo tun kafin ya buɗe baki. Yaron da ake kira Rima, ko Nomau, ko Marka, ba mai tambayarsa ƙasarsa.

Wuri guda ne muka ga matan suna da gaskiya. Yaro zai bar Giyawa wata rana, ya je makaranta a Zariya ko Jos, inda mai rubuta sunaye bai san gulbin ba, zai iya jefa shi cikin jerin 'yan mata. Ba ƙaramin abu ba ne ga ɗan shekara goma sha biyu. Maganinsa kuwa ba wuya: a haɗa masa da suna na biyu wanda ba shakka a kansa, Dauda ko Ishaku, a rubuta duka biyun a takardar haihuwa da littafin ikkilisiya. Idan wata uwa gobe ta so sa wa 'yarta Rima, a haɗa mata da Rifkatu ko Saratu.

Muna roƙon dattawan wannan ikkilisiya su tsayar da ranar miƙa yaron kafin ƙarshen wata. Ragon suna an riga an ci, uwar kuma har yanzu a bencin baya take zama da jaririnta.